Izinin Shiga Fas

Laraba, 10 ga Disamba, 2025

Baffa ya aiko a kira ni tun da sassafe. Na same shi a zaure ya lulluɓa da bargo, don hunturun bana ya sauka da ƙarfinsa, rediyo a gefensa, fasfonsa a kan buzu. Muna gama gaisawa ya ce, "Ɗana, na ji an ce Maroko ta buɗe ƙohwa saboda ƙwallo. Ka binciko mani. In gaskiya na, ina son in kai ziyara Fas tun ƙahwa na ɗaukata."

Shekara da shekaru yana wannan magana. Baffa Batijjane ne a garin da Ƙadiriyya ta yi kaka-gida tun zamanin Shehu Usmanu, kuma kabarin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, yana cikin zawiyarsa a tsohon birnin Fas. Ba kuɗin jirgi ne ya riƙe shi ba. Mai fasfon Najeriya ba ya shiga Maroko sai da biza, bizar kuma a ofishin jakadancinsu na Abuja ake nemanta, da bayanan asusun banki, da shaidar masauki, da tikitin komowa. Mutumin da arzikinsa ke cikin fatu da buhunan albasa, wanda bai taɓa karɓar albashi ba balle ya nuna takardarsa, duk sanda aka karanto masa wannan jerin sai ya ce Allah ya kai mu baɗi.

Na wuni ina bincike a waya, labarin kuwa gaskiya ne. Gasar cin kofin nahiyar Afirka za ta fara a Maroko ran 21 ga wannan wata, a ƙare 18 ga Janairu. Wasannin rukuni na Najeriya duka uku a Fas aka sa su: Tanzaniya ran 23, Tunisiya ran 27, Yuganda ran 30. Masu shirya gasar sun fito da wata manhaja mai suna Yalla, a cikinta ake yin katin ɗan kallo, a cikinta kuma ake neman bizar intanet, kyauta. Mu uku za mu tafi in Allah ya nufa: Baffa, ni, da taubashina ɗan Gwaggo da ke Birnin Kwanni.

Alhamis, 11 ga Disamba

Maƙwabcin Baffa, tela, ya ji labari ya ce shi ma yana ciki. Da muka buɗe fasfonsa sai ga shi a ƙarshen Janairu zai mutu. Ƙasashe da yawa ba sa kallon fasfon da ba shi da sauran wata shida a gaba, nasa kuwa ko biyu bai kai ba. Sabuntawa ba abin yi cikin gaggawa ba ne. Tun 1 ga Satumban bana mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, wato an ninka farashin bara. Ko kuɗin na hannu, sai an cike a intanet, sunan da ke kan lambar NIN ya dace da na fasfo, a je a ɗauki hoto da yatsu, sannan a jira. Ya haƙura, ya ce a sa shi a addu'a a can. Na Baffa lafiya lau, wanda ya yi aikin Hajji da shi ne, da sauran shekaru a gaba.

Da dare na zauna na rarrabe abubuwa uku da mutanenmu ke haɗawa wuri ɗaya. Akwai bizar da muka saba da ita: ka kai kanka da takardunka, a ɗauki yatsunka, wani lokaci a yi maka tambayoyi, a riƙe fasfonka, a manna maka ko a hana ka. Akwai bizar intanet, wadda hukuncinta ɗaya da waccan, ana iya ba ka ana iya ƙi, sai dai ba ka taka ko'ina, ta imel take iske ka. Sai izinin tafiya na intanet, shi kuma ba na kowa ba ne. Domin waɗanda dama an yafe wa biza aka yi shi. Baƙon da gida ya sani ne aka ce ya riƙa yin sallama tun daga bakin zaure kafin ya shigo, wanda ba a sani ba kuwa har gobe sai ya zo da mai tsaya masa.

Ostareliya ce ta fara wannan tsari a 1996. Amurka ta wajabta nata, ESTA, a 2009, kuɗinsa ya kai dala 40 tun ƙarshen Satumban bana, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin masu cin moriyarsa. Kanada ta bi sahu a 2016. Birtaniya ta fara nata, ETA, da 'yan Ƙatar a ƙarshen 2023, bana ta faɗaɗa shi zuwa Amurkawa da Turawan nahiyar Turai, fam 16, yana aiki shekara biyu. Ɗan Najeriyar da ke son ya yi mako ɗaya a Landan ba ya cikin wannan layi, bizar ziyara ce tasa, fam 127 kafin a ƙara kuɗin mota da masauki. Tarayyar Turai na shirin fito da nata, ETIAS, a ƙarshen 2026, Yuro 20, shi ma na waɗanda ba sa buƙatar biza. Don haka duk wanda ya ce maka zai yi maka ETA na Ingila da koren fasfonka, kuɗinka yake so.

Kenya ce ta gwada wani abu daban. A Janairun 2024 ta ce ta soke biza, ta ɗora wa kusan kowa izinin intanet na kimanin dala 30, har da 'yan ƙasashen da a da suke shiga kyauta. Aka yi ta ƙorafi, bana ta cire shi ga kusan dukan 'yan Afirka, ban da Somaliya da Libiya.

Juma'a, 12 ga Disamba

Da aka sauko daga Masallacin Shehu na biya gidan Baffa in yi masa bayani. Na ce bizar nan a jikin katin ɗan kallo take, don masu zuwa ƙwallo aka buɗe ta. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Ke nan in ce ƙwallo za ni kallo, alhali ziyara ta kai ni?"

Na ce, "Baffa, mutane da yawa haka za su yi, ba kuma wanda zai tsare ka a can ya ce ina ka kwana."

Ya ce, "Ba tambayarsu nike tsoro ba. Ba ni zuwa gaban Shehu da takardar ƙarya cikin aljihu."

Na shimfiɗa masa abin da ke ƙasa. Ko dai a bi hanyar Abuja, wadda lokaci ba zai isa ba a wannan watan, ko kuma abin da aka rubuta ya zama gaskiya. Bai ce komai ba, ya tashi ya yi shirin zikirin Juma'a. Sai bayan magariba ya kira ni a waya: "Sayo mani tikitin wasan Tanzaniya. In je in zamna in kalla har a tashi, sannan in yi ziyarata." Mutumin da ko filin wasa na Giginya bai taɓa shiga ba.

Ina tare da shi a wannan, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba, ko da yake shi ne gaba. Duk layin ƙarya da ɗayanmu ya rubuta a takardar neman biza, na bayansa ne ke biya. Wanda ya ce mako biyu zai yi ya ɓace shekara biyar, wanda ya ari kuɗi ya zuba a asusu kwana uku don a buga masa takardar banki, su ne suka sa ma'aikacin ofishin jakadanci ke kallon dattijo irin Baffa da idon zargi. Wannan bai wanke masu hana mutane biza ba gaira ba dalili ba, amma ɓangarenmu ne na laifin, mu ne kuma kaɗai za mu iya gyara shi.

Kafin mu yi sallama ya tuna mini cewa hanyar nan tsohuwa ce. Alhaji Umaru Futi, babban jagoran Tijjaniyya, ya zauna shekaru a Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello, bai bar garin ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Fatun jar akuyarmu kuma, sana'ar gidansu Baffa, sun daɗe suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa kasuwannin Arewacin Afirka, daga can su shiga Turai.

Asabar, 13 ga Disamba

Yau muka cike. Wayar Baffa ƙarama ce mai madannai, sai muka yi da ta ɗansa. Hoton fuska ne ya fi cin lokaci. Cikin zaure duhu, muka fito da shi jikin farin bangon ƙofar gida inda hasken hantsi ke sauka. Ya cire tabarau, ya cire hula ya miƙa wa jikansa, ya mayar da hannuwa baya da carbin a ciki. Jikoki sun yi cirko-cirko suna dariya don ba su saba ganin kansa a buɗe ba, shi kuwa ya tsaya ƙyam, ya haɗe fuska, har aka ɗauka. Sannan na zauna da fasfon a cinya ina kwafe suna daga layuka biyun nan na ƙasan shafi, harafi bayan harafi. A gida Muhammadu ake ce masa, a fasfo an rubuta shi wani iri, kuma abin da ke fasfo shi ne sunansa a wurin na'ura. Lambar fasfon na karanta da ƙarfi, ɗansa na duba allon wayar, don sifili da harafin O sun sha mayar da matafiyi gida.

Da yamma na shiga wani kafe a Titin Emir Yahaya in buga wasu takardu. A kan benci wani mutum riƙe da jakar fayil yana gaya wa samari biyu cewa yana da hanya a ofishin jakadanci, bizar Maroko naira 250,000, a ba da rabi yanzu. Na kasa yin shiru. Na ce, "Samari, abin nan kyauta ne, a wayarku za ku yi shi." Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kowa da kasuwarsa." Ɗaya daga cikin samarin ya biyo ni waje na nuna masa manhajar. Ɗayan ya riga ya ba da rabin tun shekaranjiya, ya zauna ya sunkuyar da kai.

Ba duk ejan ba ne macuci. Akwai masu rajista da ke ɗaukar wahalar Umara da tikiti, suna faɗa maka kuɗin hukuma daban, ladan aikinsu daban. Wanda ya haɗe maka su dunƙule ɗaya, ya ƙi nuna maka shafin da ya cike, shi ne abin gudu. A intanet ma haka suke: shafukan da suka ari tuta da tambarin ƙasa, suna fitowa a saman bincike, su karɓi ninkin-ba-ninkin kuɗin gaskiya, fasfonka kuma ya zauna a hannunsu.

Lahadi, 14 ga Disamba

Na ɗauki hanyar Illela da safe, ta Kware da Gwadabawa, kilomita tamanin da 'yan kai, shinge bayan shinge. Ranar kasuwa ce, ƙurar shanu da raƙuma ta haɗu da hazo har ba a hangen ƙarshen kara. Na nuna fasfo da katin rigakafin shawara a bakin iyaka, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni Kwanni kafin azahar.

Gwaggo ta dama fura da kanta. Ita da Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, aure ne ya kawo ta nan tun tana yarinya, yanzu takardun Nijar ne a hannunta. Iyakar da ta raba su Ingila da Faransa ne suka shata ta a kan takarda. A yarjejeniyar 1898 da'ira suka zana mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka sake gyara layin a 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, Kwanni ta faɗa wancan ɓangare.

Ni dai ban nemi izinin kowa ba kafin in zo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. An rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairun bana, amma ɓangarorin biyu sun ce zirga-zirgar jama'a ta ci gaba yadda take. Abin da nake tsoro shi ne yanzu alkawarin baki ne ke riƙe da ita, ba yarjejeniyar da ta ɗaure kowa ba. Ranar da aka ce sai da biza tsakanin Illela da Kwanni, ba masu yawon buɗe ido za a hana ba, masu zuwa suna da ta'aziyya ne.

Taubashina ya fito da fasfonsa muka zauna a tsakar gida. Shi lamarinsa daban. Ɗan Nijar ba ya buƙatar biza zuwa Maroko. Sai dai saboda gasar, daga 25 ga Satumba zuwa 25 ga Janairu, an ɗora izinin tafiya na intanet a kan ƙasashe takwas da a da fasfo kaɗai ya ishe su, ciki har da Nijar, Senegal, Burkina Faso, Togo da Tunisiya. Mai zuwa kallo ya nema ta Yalla, mai wata buƙata ya nema ta shafin hukumar Maroko aƙalla awa 96 kafin tashi, wanda ya haura shekara 55 kuma an ɗauke masa. Gasar da ta sauƙaƙa mana ita ce ta ƙara masa aiki. Ya ce da bai ji daga bakina ba, da fasfo kawai zai nufi filin jirgin Yamai, kamar yadda ya saba jin 'yan kasuwarsu na yi.

Gwaggo na sauraro ta ce, "To ni fa?" Muka lissafa shekarunta, na ce, "Gwaggo, ke ko wannan ba ki buƙata, fasfonki da tikiti kawai." Ta riƙe baki ta ce, "Shi kuma Yaya sai an ba shi izini?" Na ce sai an ba shi.

Litinin, 15 ga Disamba

Na dawo Sakkwato. Mun kama masauki a cikin tsohon garin Fas, tafiyar ƙafa zuwa zawiya, irin wanda ake iya sokewa ba asara. Tikitin jirgi ne matsala: kullum farashinsa na hawa, hikima kuma ta ce kada ka biya abin da ba a mayarwa kafin izini ya fito. Mai sayar da tikitin ya yarda ya riƙe mana kujeru zuwa Alhamis.

Talata, 16 ga Disamba

Shiru. Ɗan Baffa na duba imel kowane bayan salla.

Ban taɓa ganin aibi ba a ƙasa ta tambayi baƙo ko wane ne shi da abin da ya kawo shi. Garin nan ma ya yi. Bature Clapperton ya so ya wuce Yawuri a 1824, Sarkin Musulmi Bello bai ba shi hanya ba. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a 1853, bai kama hanyar Gwandu da Tambutu ba sai da ya karɓi takardar aminci daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Najeriyar yau ma ta koma bizar intanet tun 1 ga Mayun bana, ta daina bayarwa a filin jirgi, ta kuma sa tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adinsa. Tambaya hakkin mai gida ce. Yadda ake yin ta, da abin da take ci wa wanda ake tambaya, nan maganar take.

Laraba, 17 ga Disamba

Labaran safe sun zo da nauyi. Jiya Shugaba Trump ya sa hannu a wata sanarwa da za ta fara aiki 1 ga Janairu. An sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga Amurka, an dakatar da sababbin bizar ziyara da ta karatu. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa an rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Dalilan da aka bayar sun haɗa da tsaro da yawan masu wuce wa'adi. Dama tun 8 ga Yuli aka mayar da bizar ziyarar ɗan Najeriya ta shiga ɗaya, wata uku. Senegal da Kwaddibuwa ma suna cikin jerin, ga shi sun sami gurbin gasar cin kofin duniya da za a yi a can baɗi. 'Yan wasa za su shiga, magoya baya su kalla a talabijin.

A majalisarmu ta bakin titi aka wuni ana maganar. Wani malamin makaranta ya ba da labarin ƙanwarsa da ta nemi bizar Turai don ta je sunan jikarta, aka dawo mata da fasfo da takarda mai akwatin da aka yi wa alama, wai ba a gamsu za ta dawo ba. Mace mai gida da miji da shago. Kuɗin bizar Shengen Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kusan naira 150,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. A 2024 kusan rabin 'yan Najeriyar da suka nema an hana su, ko kwabo kuma ba a mayar wa kowa ba. Ta Amurka dala 185 ce, ita ma in ta tafi ta tafi.

Ga Basakkwace akwai ƙarin da ba ya cikin lissafin kowa. Wuraren ɗaukar yatsu a Abuja da Legas suka fi yawa. Ko ka biya kuɗin jirgi, ko ka wuni a mota ta Gusau da Funtuwa kana addu'a saboda halin da hanyar ke ciki, ka kama ɗaki, ka kwana, ka tsaya a layi. Mutumin Abuja ya nemi biza da safe ya koma ofis, mu kuwa tafiya muke yi kafin tafiya.

Alhamis, 18 ga Disamba

Ta fito. Tawa bayan asuba, ta Baffa wajen ƙarfe goma. Taubashina ya turo saƙon murya cewa nasa izinin ya samu tun jiya. Baffa ya sa aka karanta masa takardar daga sama har ƙasa, ya shafa fatiha, ya ce a kai wa Gwaggo labari. Na ruga na biya kuɗin tikiti kafin a saki kujerun.

Na yi murna, amma abin ya tsaya mini a rai. Dattijo ya tsaya a jikin bangon gidansa a Sakkwato, aka ɗauki hotonsa, aka duba fasfonsa, aka tantance shi, aka ba shi izini cikin 'yan kwanaki, bai taka Abuja ba, bai biya ko sisi ba. Ashe ana iyawa. Na'urar tana nan, ma'aikatan suna nan. Maroko na da bizar intanet tun Yulin 2022, sai dai ɗan Najeriya ba ya samunta sai in yana riƙe da bizar Turai ko Amurka ko Birtaniya ko irinsu, wato sai wata ƙasa mai nisa ta fara yarda da shi. Maroko ta kyauta da ta buɗe wannan hanya, ina kuma fata kada ta rufe ta da tashin gasa. Masu ziyarar Fas daga Kano da Zariya da Gusau da Sakkwato ba baƙin wata ɗaya ba ne, kowace shekara suna nan, suna kama masauki, suna sayen littattafai da jallabiya, suna komowa gida. Abin da aka yi wa ɗan kallo ana iya yi musu. Hukumominmu na Abuja ma da wannan ya kamata su je teburin tattaunawa, su nemi a buɗe wa talaka mai fasfo na yau da kullum, don yarjejeniyar yafe biza da ta tsaya a kan masu fasfon diflomasiyya ba ta taɓa kai kowa a unguwarmu ko'ina ba. Ruwanda da Benin da Gambiya sun buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, ba su rushe ba.

Juma'a, 19 ga Disamba

Na buga komai a takarda, kowa kwafi biyu: biza, katin ɗan kallo, tikitin wasa, masauki, tikitin komowa. Waya na iya mutuwa a inda ba caja. 'Yan canji ba su da dirhamin Maroko, sai muka sayi Yuro a canza a can. An wuni ana shigowa sallama da Baffa, kowa da saƙon addu'arsa, har ɗansa ya ɗauko littafi yana rubuta sunaye.

Asabar, 20 ga Disamba

Hazo ya riƙe mu a filin jirgin Sultan Abubakar na Uku har bayan azahar. Da ya ɗan sarara muka tashi zuwa Abuja, daga can Legas. Mun kwana a gidan wani ɗan garinmu a Agege.

Lahadi, 21 ga Disamba

Filin jirgin Murtala Muhammad ya cika da masu koren riguna. Ba jami'in shige da fice ba ne ya fara tambayar bizarmu, ma'aikaciyar kamfanin jirgi ce a wurin auna kaya. Dokar ƙasashe ta ɗora wa kamfani tara da kuɗin mayarwa in ya kai mutumin da ba shi da izini, shi ya sa tun daga nan ake tacewa. Ta karɓi fasfon Baffa da takardarsa, ta bi lambar da yatsa, ta dubi fuskarsa, ta buga wani abu a kwamfuta, ta miƙo masa katin shiga jirgi.

A layin da ke kusa da namu an tsayar da wani saurayi. Bizarsa ta gaskiya ce, amma da tsohon fasfonsa ya nema, sabon ya fito a makon nan, shi ya ɗauko ya baro wancan a gida. Izinin intanet a jikin lambar fasfo yake, in lamba ta canza ya zama na wani littafin. Ya yi ta roƙo, aka ce ba yadda za a yi sai ya sake nema da sabuwar lamba, a sauya masa ranar tafiya. Na zauna da shi a kan jakarsa muka fara cikewa tun daga farko, ko Allah zai sa ya riski wasan Tunisiya ran 27.

Taubashina ya riga mu sauka Kasablanka daga Yamai. Ya ce a can fasfo da izinin kawai aka duba, aka tambaye shi masauki, aka buga masa hatimi. Ya sayo mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Fas, tafiyar kusan awa huɗu, ya kuma ce ana ruwa da sanyi, kada Kawu ya sauko daga jirgi ba rigar sanyi a jikinsa. Na buɗe jakar hannu na tabbatar tana sama, sannan muka shiga layin tantancewa.